Koren Fenti a Jitar Kawu Cindo

Litinin, 6 ga Oktoba, 1958. Bayan La'asar, tashar Gagarawa.

Mutumin Kano ya zo, ya duba, ya koma cikin jirgi ya wuce Nguru. Jita tana nan cikin buhu, jingine da ƙafata. Ba zan iya hawa keke yanzu ba. Bari rana ta ƙara yin sanyi.

Talata, 7 ga wata. Hantsi, a rumfata, Gumel.

Malamin yaƙi da jahilci ya ce mu riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana don kada hannu ya manta. To, ga abin da ya faru, amma ba duka ba.

Jitar ta Kawu Cindo ce, wan Iya. Ya yi sojan Faransa shekara goma sha ɗaya, ta Damagaram ya shiga, a Dakar kuma ya saye ta hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Mai lantarki ce. Sai an jona ta da wani akwati take buɗe murya. Mu nan da ba mu da wuta, in ka kaɗa ta sai ka ce sauro ne ya faɗa tulu. Duk da haka Kawu bai taɓa yini bai ɗora ta a cinya ba, har yanar ido ta rufe masa duka biyun.

Bara a Kano likita ya ce yanar ba ta nuna ba, ya dawo baɗi. Baɗin ya zo. Katin asibiti ya ce Alhamis, 30 ga wannan wata. Kowane ido da kuɗinsa, ga tabarau, ga jirgi, ga abinci. A wancan zuwan ne wani mai kiɗan otal a Sabon Gari ya ga jitar, ya taya fam ashirin da biyar. Kawu ya ce albarka. Bana ya sa ni na rubuta wa mutumin wasiƙa cewa ya sallama.

Mako uku ke nan da ya miƙo mini ita a zauren gidanmu a Sule Tankarkar. Ya ce, "Nata'ala, kai ne ɗan kasuwa a gidan nan. Ka kai masa tasha, ka karɓo. Kada ka rage ko sisi."

Na ce, "Kawu, sai dai in ƙaro."

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Fam shida mutumin ya ce.

Na wanke hannu da kananzir sau uku yau. Har yanzu akwai kore a ƙarƙashin farcena.

Laraba, 8 ga wata. Azahar.

Ban je Sule Tankarkar ba.

Alhamis, 9 ga wata. Bayan kasuwar Maigatari ta watse.

Na yi ciniki yau, ban ji daɗinsa ba. Ƙwarya tara na ɗinke, na canja wa wani makaɗi fatar gogensa, na sayar da garayar nan da na saya hannun maharbin Gagarawa.

Wanda ya saye ta, kafin ya taɓa tsirkiya sai da ya shinshina wuyanta. Ya ce, "Ka wanke hannun mai ita?" Na ce na kankare har itace, na shafe da man gyaɗa, fata ma sabuwa ce. Ya biya bai yi gardama ba.

Haka marigayi Baba Rabe ya koya mini tun ina riƙe masa basilla. Yakan ce ba a sayar wa mutum abin kiɗa da gumin wani a jiki, don hannun tsohon mai shi zai riƙa jan yatsun sabo. Gurmi ne, goge ne, kukuma ce, duk wanda ya shigo rumfarmu na hannu, sai mun tuɓe shi mun sake masa riga kafin ya fita. Shekara tara ina yin haka. Ko sau ɗaya wannan gyaran bai taɓa rage mini kuɗi ba, ƙari yake yi.

Jitar Kawu kuwa gumi ya yi mata yawa. Inda damtsensa ke kwanciya launin ya cinye, ya yi fari. Bayanta duk ƙarzar bel ɗin soja. Ga wasu 'yan tsage-tsage a ƙyallin kamar tafkin da ya ƙafe. Na dube ta na ce, mutum zai taso tun daga Kano da fam ashirin da biyar, a miƙa masa wannan? Ai sai ya raina mu.

Kwana huɗu na yi a kanta da fasasshiyar kwalba da yashi mai laushi. Wani ɗan rubutun zinariya da ke kanta, can wajen maɗaurin wayoyi, shi ya fi ba ni wuya. Na ɗauka sunan Baturen da ya fara mallakarta ne. Sannan na karɓi koren fentin keke wajen Sallau mai gyaran keke, maƙwabcin rumfata, na shafa sau uku, ina jira kowane ya bushe.

To, na rubuta. Ga shi nan a takarda.

Juma'a, 10 ga wata. Bayan an sauko daga masallaci.

Sallau ya leƙo. Ya ce, "Attajiri! Ina tukuicin fenti? Ko fam talatin ɗin sun yi maka nauyi ne a aljihu?" Na ce mutumin ya ɗaga ciniki. Ya dube ni, ya dubi buhun da ke bayana, ya ce, "Assha," ya koma wajen tayarsa. Da ya ci gaba da tsokanar ma da ya fi mini sauƙi.

Maganar mutumin ba ta bar kunnena ba, gara in zuba ta nan.

Ya sauko da farin wando da hular Turawa, yana ta murmushi. Na kwance buhu ina jin kaina kamar mai buɗe lefe. Sai murmushin ya ɗauke. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya kai hanci.

Ya ce, "Malam, ina jitar tsoho?"

Na ce ita ce wannan, gyara ta na yi.

Ya ce, "Wa ya sa ka?"

Na ce ba kowa.

Ya sa babban yatsa a inda rubutun yake da, ya murza. Ya ce, "Nan sunan kamfanin da ya ƙera ta yake. Shi nake saye. Yanzu in na kai ta Kano na ce ta Amirka ce, wa zai yarda? Kafinta ma zai iya sassaƙa katako ya shafa kore." Ya ƙwanƙwasa bayanta da gaɓar yatsa. "Kuma in an ga fenti a kan jita, abu biyu ake tunani. Ko ta tsage an rufe, ko an sato ta an ɓoye."

Na rantse masa ba tsaga ko ɗaya.

Ya ce, "Na yarda, don na gan ta bara. Amma wanda zan sayar wa gobe bai gan ta bara ba."

Bai yi faɗa ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya shafa inda damtsen Kawu yake kwanciya da, ya ce wannan cinyewar ita ke shaida cewa jita ta yi shekaru tana aiki wuyanta bai karkace ba. Ya ce ƙarafunan kaɗai suka rage masu amfani, masu ɗaukar sautin da maɗauran wayoyi, zai ba da fam shida. Ranar Litinin 27 ga wata zai biyo jirgi daga Nguru, in na yi shawara.

Da zai hau ya ce, "Ka gai da tsoho. Ya ido?"

Lahadi, 12 ga wata. La'asar sakaliya, Sule Tankarkar.

Na zo. Na bar buhun a Gumel.

Kawu na zaune a zaure, ya gane ƙarar kekena tun daga nesa. "Ɗan kasuwa! Bon, zauna. Nawa ka ƙaro?" Bon ɗin nan "to" ne da Faransanci, tun yana soja ya kama bakinsa.

Na ce mutumin ya zo, amma sai ya dawo daga Nguru za a kammala, ranar 27.

Babu ƙarya a ciki. Na auna kowace kalma tun a hanya, babu ƙarya.

Ya ce, "Ya gan ta dai? Ya yi murna?"

Na ce ya daɗe yana duba ta.

Ya yi dariya. Ya ce ya san zai daɗe. Sai ya shiga lissafa abin da zai fara kallo in lokotoro ya buɗe masa ido, haka yake kiran likita tun zamansa na soja. Wai zai fara da Iya, ya ga ko ta tsufa kamar yadda muryarta ta tsufa. Iya ta ce daga tsakar gida, "Ka fara da madubi, Yaya, sai ka bar ni in huta." Sannan wai zai je ya ga gyaɗar da aka ce ta yi kyau bana, don bai yarda da mutanen garin nan ba, in gona ta yi rabi sai su ce ta cika.

Ina lura da hannunsa na hagu. Yana magana, yatsun suna tafiya a kan gwiwa, suna danna wayoyin da babu.

Da zan tafi Iya ta raka ni ƙofa. Ta kama hannuna ta juya shi. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce fentin Sallau ne. Ta ce, "Ka koma gyaran keke ne?" Na ce a'a. Ta sake ni. Ba ta ƙara tambaya ba, amma ba ta ce a sauka lafiya ba.

Ban faɗa ba.

Talata, 14 ga wata. Da safe.

Na ce bari in cire fentin, ko Allah zai sa. Kananzir ya ɗauke na sama, na ƙasa ya shige cikin itacen. Na koma wa kwalba. Yanzu ba kore ba ce, ba fara ba. Dabbare-dabbare kamar akuya.

Laraba, 15 ga wata. Azahar.

Na gwada rubuta sunan da na kankare a ƙasa da tsinke, ko zan tuna. Harafin farko kawai nake gani, shi ma ban tabbata ba. Kwana guda na yi ina goge shi, ban tsaya na karanta ba. Ni da nake alfahari na iya boko.

Alhamis, 16 ga wata. Maigatari, kafin Magariba.

Da ma ban kai jitar ba.

Akwai wani Badamagare mai sayen kayan tsofaffin sojoji, agogo, bargo, akwatin garmaho. Na ce wataƙila can Faransa ba su damu da suna ba. Na ja shi bayan rumfunan gishiri na buɗe masa. Ya duba kan jitar, ya ɗaga murya kamar mai shela, "Kai, wa ya goge mata lamba?"

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce ai haka ake yi wa keken sata. Wani ya ce, "Ba yaron Rabe mai gyartai ba ne? Ina ya samu kayan Nasara?" Kafin in ɗaure buhu sai ga ɗan doka ya ratso, ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Ta wa ce?"

Ina iya cewa tawa ce. Ina iya cewa ni na kankare, bisa rashin sani, a yi mini dariya a watse. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta Cindo ce, tsohon soja na Sule Tankarkar. Ni aike ne."

Ɗan dokan ya san Kawu, ya sake ni. Amma ina ɗaure buhu na ji wani mai jaki yana ce wa ɗan'uwansa, "Sojan Faransa ai da ma ba ya dawowa hannu sake."

Mutanen garinmu sun fi ashirin a kasuwar yau.

Juma'a, 17 ga wata.

Ni aike ne. Haka na ce.

Litinin, 20 ga wata. Hantsi.

Sallau ya zauna a bakin rumfata ba tsokana. Ya ce ya ji abin da ya faru a Maigatari. Ya ce, "Nata'ala, da na san abin da za ka shafa wa ke nan, da na hana ka gwangwanin. Na ɗauka akwati ne." Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce ya sani, shi dai yana faɗa ne.

Na tambaye shi nawa zai sayi kekena. Ya ce, "Da me za ka riƙa zuwa kasuwa?" Na ce da abin da Baba Rabe yake zuwa, ƙafa. Ya duba sarƙa, ya duba taya, ya ce fam biyar, kuma ya san ya yi mini alheri. Gaskiya ne, ya yi.

Na ce ya bar mini shi mako guda.

Laraba, 22 ga wata. La'asar.

Goggo Hannatu, ƙanwar babana, ta shigo Gumel sayen kanwa, ta biyo. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce kwana uku ke nan Kawu bai fita zaure ba. Wai ranar Lahadi a wajen suna wani ya ce masa, cikin wasa, "Soja, ashe ganima ka kwaso mana daga Dakar?" aka yi dariya. Wai sai ya nemi sandarsa.

Ta ce, "Ya ce ka zo. Ya ce ka zo da ita."

Alhamis, 23 ga wata.

Ban je kasuwa ba. Ban je gida ba. Na ɗinke ƙwarya ɗaya na warware sau biyu.

Asabar, 25 ga wata. Bayan Azahar, Sule Tankarkar.

Jiya da hantsi na iso. Sai yau na samu na rubuta.

A ɗakinsa na same shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya miƙo hannu biyu. Na ce, "Kawu, kafin ka karɓa." Ya ce, "Ba ni."

Ya ɗora ta a cinya. Damtsensa ya tafi wurinsa da kansa, ya tsaya, ya ɗan matsa gaba, ya dawo. Sai ya bi ta da tafin hannu, a hankali, daga ƙasa har wuya. Da ya kai kan, ya daɗe yana shafa wuri ɗaya da ɗan yatsa. Ashe rubutun yana da ɗan tudu, yakan ji shi.

Na faɗa masa duka. Kwalba, yashi, fenti, fam shida, Maigatari. Har da "ni aike ne". Iya tana bakin ƙofa, ban ɗaga kai na dube ta ba.

Ya ce, "Wane launi?"

Na ce kore, amma yanzu ya dagule.

"Koren me?"

Na ce na keke.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, "Shekara biyu ina ɗaukar buhu a bakin teku bayan aikin bariki kafin in biya ta. Takardar sayen tana cikin akwatina da hatimi. Ba wanda ya taɓa ce mini ɓarawo, ko a Dakar inda ba a san ubana ba. Sai a garinmu."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Wa ya ce ka gyara?"

Na ce na ga ta tsufa ne.

Ya ce, "Ni ma na tsufa. Ka zo da kwalbar?"

Iya ta ce, "Yaya." Ya ɗaga mata hannu.

Sannan ya ce abu biyu zan yi. Na farko, in an idar da sallar Juma'a in tashi a ƙofar masallaci, da jitar a hannu da takardar, in faɗi wanda ya kankare da dalili. Na biyu sai na dawo.

Na yi. Ban san yadda muryata ta fita ba. Da na zo kan maganar gumin hannu, dattawa biyu suka gyaɗa kai, don sun san Baba Rabe. Da na ce koren keke, samari suka fashe. Wanda ya yi maganar ganima ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa. Tun jiya yara ke kirana Mai Fenti. Ina jin sunan ya zauna.

Na biyun shi ne yau da safe. Ya sa na aro sukuddireba wajen mai injin niƙa, ya ce in riƙe ƙoƙo. Shi ya kwance ta da kansa, da lalube. Ya fara sassauta wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe kowace a yatsa. Ya cire maɗauran, ya cire masu ɗaukar sautin. Kowace ƙusa ya zare sai ya jefa a ƙoƙon ya ce, "Nawa?" in faɗa. Talatin da ɗaya. Sau ɗaya na kai hannu zan taya shi, ya ce, "Kai dai riƙe ƙoƙo."

Katakon ya tura ƙarƙashin gado.

Litinin, 27 ga wata. Tashar Gagarawa, La'asar.

Mutumin ya leƙo ta taga, na miƙa masa ƙunshin. Ya buɗe, ya ga an naɗe kowace waya daban. Ya ce, "Tsoho ne ya kwance?" Na ce shi ne. Ya ba ni fam shida, ya ƙara sule goma ya ce na goron tsoho. Jirgi ya ja.

Daga nan zan kai wa Sallau keke a Gumel. Da ƙafa zan koma gida gobe.

Laraba, 29 ga wata. Hantsi, tashar Gagarawa. Muna jiran jirgin Kano.

Motar gyaɗa ce ta kawo mu. Kawu na kan benci da hularsa ta soja, ni ina ƙasa da kayanmu.

Jiya na zube masa abin da ya samu, na ƙarafuna da na keke da ɗan abin da Iya ta kwance daga bakin zane. Ya sa na karanta masa katin asibiti sau biyu. Ya yi lissafinsa a ka. Ni na riga na yi nawa tun a hanya, na san inda zai tsaya. In an cire jirgi da abinci da tabarau, ido ɗaya ne.

Sai ɗazu, muna zaune, masu dako suna ta loda buhuna, ya ce, "Mai Fenti."

Na ce, "Na'am, Kawu."

"Lokotoro zai tambaya wanne za a yi. Tunda kai ne kake yanke shawara a kan kayana ba ka tambaye ni ba, yanke wannan ma."

Na ce don Allah ya rufa mini asiri.

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Ni duka biyun duhu ne, ban san wanda ya fi ba. Kai kake ganinsu. Duba."

Ya cire hula ya juyo da fuskarsa wajen rana. Ban taɓa kallon idon Kawu kusa haka ba. Na tsaya na duba sosai, ban yi sauri ba. Na hagu ya yi fari fat, kuma yana ɗan karkata. Na dama fari ne shi ma, amma da na tare rana da tafin hannuna na janye, na ga ya motsa.

Na ce, "Na dama, Kawu."

Ya mai da hularsa. Ya ce, "Bon. Dama." Ya lalubo sandarsa ya miƙe, don an buga ƙararrawa. Na zagayo zan kama masa hannun dama kamar kullum, sai ya janye.

Ya ce, "A'a. Koma hagu. Can za ka riƙa tsayawa daga yau."